Kafin ka turo kuɗin BMW M3 daga Zariya, tsaya ka ji

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman Zage-zagi. Daga Munich ta ƙasar Jamus nake magana, kuna ganin bakina yana hayaƙi saboda sanyi, amma wallahi raina a ɓace yake tun asuba. Ƙanena ne ya turo mini saƙon murya daga Sabon Gari, wai Yaya, na ga BMW M3 ta 2008 a intanet, kuɗinta bai kai na Camry mai tsafta ba, ka taimaka ka saka mini ita a jirgi. Sai da na sake saurare don in tabbatar kunnena ne ya ji.

Ku fahimce ni, ina son motar nan. Nan garin ne gidan BMW, kuma na tuka irinta a titin Autobahn, wajen da babu iyakar gudu, har ta kai kilomita 250 a awa inda kamfanin ya ɗaure ta. Injin V8 ne mai lita 4, ƙarfin doki 420, yana juyawa har 8,400 a minti ɗaya. Ƙararta kaɗai sai tsigar jikinka ta tashi. To amma Bajamushe ba ya karyar da kaya a banza, jama'a. In ka ga ya sake ta da araha, lissafi ya yi.

Babban ciwon injin nan shi ne abin da makanikanmu ke kira metal, siraran ƙarafan nan da ke tsakanin karanshaf da sandar fistan. A wannan injin tazarar da ke wurin ƙarama ce ƙwarai, baƙin man da aka ce a zuba mata kuma, 10W-60, mai kauri ne. In ka tayar da ita da safe ka taka wuta kafin mai ya yi zafi ya zagaya, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ba za ka ji komai ba, ba fitilar da za ta kama, sai rana ɗaya ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, shi ke nan inji ya buga. Shi ya sa masu ita a nan suke canza metal ɗin tun lafiya lau. Wani da muke aiki tare ya biya kusan Yuro 2,000 a kan wannan kaɗai, motar kuma ba abin da take yi masa. Yayarta ma, M5 mai silinda 10 da aka yi daga 2005 zuwa 2010, ciwonsu ɗaya. Yanzu ku tuno yadda samarinmu ke wasan mota ranar ɗaurin aure, daga kunnawa sai tayar da ƙura. Ina jin tausayin injin tun daga nan.

Wani abin kuma, ba ta da sandar duba baƙin mai ko kaɗan. Na'ura ce ke gaya maka a gaban sitiyari. Tana shan kusan lita 9 a juye ɗaya. Ina za ka samu 10W-60 na gaskiya tsakanin PZ da Kwangila? Kada wani ya ce maka ai duk mai mai ne, ya ɗura maka na tasi. Dokin sukuwa ba a kiwonsa da dusa. Fetur ma haka, nan mai lambar inganci 98 ake ba ta, namu na gida bai kai can ba, balle na 'yan bumburutu a galan. Ga zafin watan Afrilu, ga cunkoson Tudun Wada, ga ƙurar hunturu tana toshe lagireto da matatar iska.

Sai 'yan na'urori biyu da ke buɗe maƙogwaron injin. Haƙoran cikinsu na roba ne, suna cinyewa. Ranar da ɗaya ta gaji, fitilu su cika maka fuska, motar ta ƙi gudu, Keke Napep ya wuce ka a hanyar Samaru. Makanikanmu gwanaye ne, na rantse, na ga wanda ke gano ciwon Peugeot 504 da kunne kawai, kuma ina alfahari da su ko a gaban Turawan nan. Amma wannan sai an jona mata kwamfuta, kayan kuma in ba a dace a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba, sai Ladipo a Legas, ko a jira daga Turai mota na shan rana a gareji.

Kai, ambaton Samaru ya tuna mini da tsiren dare da shayi mai kauri a bakin titin jami'a. Nan ƙarfe 8 na dare yawancin shaguna sun rufe, Lahadi kuwa gari tsit. Allah Ya kai mu Sallah in ga hawa a ƙofar fada.

Masu cewa to a koma Mercedes C63 mai lita 6.2, ku ma ku bi a hankali, na farko-farkon nan kafin 2011 kusoshin kan injinsu na karyewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Kuma dukansu cikinsu a ƙasa yake. Tudun rage gudu ɗaya ko rami a hanyar Kano ya isa ya fasa maka ƙasan inji.

Ni dai in ka nace, kada ka turo mini ko sisi sai mai motar ya nuna rasit ɗin canza metal da littafin sabis ɗinta cikakke. Takardar TÜV, wato ta gwajin lafiyar mota da ake yi a nan Jamus duk shekara 2, birki da fitila da hayaƙi da su tsatsa take dubawa, ba ta buɗe cikin inji. Sannan ka ware kuɗin gyara daban tun kafin kuɗin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas. Bari in shiga ciki, yatsuna sun ƙage. Ku gaida mini mutanen Ƙofar Doka.