Jawabin maraba da mai girma Minista, daga kwamitin masu sana'ar hannu da manoma da malaman Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwanmu Kirista barkanmu da war haka.

Mai girma Minista, iyayenmu sarakuna da hakimai Allah ya ja zamaninku, malamanmu limamai da fastoci, shugabannin manyan makarantu, iyayenmu mata, ogogin aiki da yaran shago, muna yi wa kowa sannu da zuwa.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa Kaduna garin gwamna. Aikinka ba sai mun tsaya lissafa shi ba, kowa a wajen nan ya san waye kai kuma ya san ba ka raina ƙaramin mutum, shi yasa tunda aka ce mana kana tafe mutane suka rufe shaguna da kansu, wasu ma tun jiya suka taso daga Kachia da Kwoi da Saminaka suka kwana a gari don kar a basu labari. Zuwa da kai ya fi aike, mun gode Allah ya saka da alheri.

Yallaɓai ba za mu ɓoye maka ba, buƙata ɗaya ce ta tara mu kuma gara mu faɗe ta tun yanzu kafin jawabi ya yi nisa. Muna roƙon a kafa mana cibiyar gwaji da ƙera samfuri anan cikin Kaduna, kusa da Panteka kasuwar maƙera da masu walda, mai wutar lantarki wadda bata yankewa, inda mai bincike daga jami'a da mai walda da manomi za su iya tsayawa kan inji ɗaya su gwada shi su gyara shi har ya kai matsayin da za a sayar. Duk abinda za ka ji a gaba bayanin dalili ne kawai.

Tunda aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917 garin nan yake ɗaukar nauyin Arewa a kansa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya, Arewa Textiles da UNTL da sauransu, har ta kai idan jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa titin Kakuri baya biyuwa saboda kekunan ma'aikata. Audugar da ake saƙawa tamu ce, daga Zariya da Funtua da Gusau ake gurzo ta a kawo, atamfar kuma har ƙasashen maƙwabta ake kaita. A Kakurin nan dai aka kafa DICON masana'antar ƙera makaman soja a 1964, anan aka fara harhaɗa motar Peugeot a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a gabanka a waɗannan wurare suka koyi riƙe sifana, wasu da albashin masaƙa aka biya musu kuɗin makaranta. Yau in ka bi ta Kakuri da Makera za ka ga manyan gine-gine ciyawa ta cinye harabarsu, mutumin da ya shekara ashirin yana kula da injin saƙa ya koma tuƙa Keke Napep ko gadi, wasu sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Wallahi abin yana mana ciwo har gobe, kuma ba injinan da suka yi tsatsa ne suka fi damunmu ba, ilimin da ke kan mutanen nan ne yake bin su kabari ba wanda ya gada.

Ta ɓangaren bincike kuwa ranka ya daɗe muna faɗa da ƙarfin murya, jihohi kaɗan ne a Najeriya za su jera da mu. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kafin ma a kafa jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samarun ne irin masara na SAMMAZ da dawa SAMSORG da gyaɗa SAMNUT da auduga SAMCOT suka fito, a 2019 suka fitar da waken SAMPEA 20-T wanda tsutsar da ke huda kwanson wake bata cin galaba a kansa. A Shika akwai NAPRI masu binciken dabbobi, su suka samar da kazar Shika Brown mai ƙwai. A Basawa akwai NARICT na binciken sinadarai, a Samaru akwai NILEST na fata da ƙirgi, anan cikin gari akwai cibiyar binciken ƙudan tsando da ciwon sammore, a Mando akwai cibiyar albarkatun ruwa. Ga kwalejin fasaha ta Kadpoly, ga jami'ar jiha KASU, ga makarantar horar da hafsoshin soja NDA, ga makarantar fasaha ta sojan sama AFIT, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha na ƙasa baki ɗaya ma a Kaduna aka kafa hedikwatarta.

Sai kuma ita Panteka, wadda katanga da titi ne kawai tsakaninta da Kadpoly. Yallaɓai gani ya kori ji, anjima za mu zagaya da kai. A can ne ake narka alminiyom a zuba tukunya, ake ƙera injin markaɗe da injin ɓare masara da na casar shinkafa, ake kwaikwayon fas ɗin mota da aka daina shigo da shi, kuma mafi yawan masu wannan aiki da ido da hannu suka koya wajen ogansu, ba zane ba kwamfuta. Yaro zai shigo yana shekara goma sha biyu yana miƙa guduma, bayan wasu shekaru ya buɗe nasa shagon ya ɗauki nasa yaran.

Toh ga masu ilimi ga masu hannu a gari ɗaya, amma ba wurin da suke haɗuwa. Ɗalibi zai yi furojet ɗinsa na ƙarshe ya ƙera na'ura mai kyau a bashi maki, daga nan sai sito, ba don malamansa basu so ba, babu kuɗin da za a kai ta mataki na gaba ne kuma babu inda za a kai ta. Shi kuma mai ƙira a kasuwa yana ta fama da matsalar da tuni wani ya warware ta a takarda bai sani ba. Akwai ɗaya daga cikin 'yan kwamitin nan da ya ƙera injin busar da citta da kuɗin aljihunsa, ya sayar da babur ɗinsa ya ƙarasa, injin ya yi aiki manoma suka gani suka yaba, da wani mai saye ya zo sai ya tambaye shi takardar gwaji, zafi nawa yake kaiwa, danshi nawa yake bari a jikin cittar, ƙarfen da ke taɓa abincin irin wanda baya tsatsa ne ko kuwa. Bawan Allah bashi da inda zai auna ko ɗaya, ciniki ya watse, injin yana nan a bayan shagonsa an lulluɓe shi da tamfol. Irin wannan ne yasa muke cewa a taimaka mana da cibiyar nan.

Mun dage kan citta ne saboda ita ce abinda Allah ya bamu wanda ba kowa ke da shi ba. Kaduna ce kan gaba wajen noman citta a Najeriya, daga Kachia da Jaba da Kagarko zuwa Jema'a, kuma 'yan kasuwar waje sun san cittarmu da yaji da ƙamshi. Amma har yau a tsaga ta da wuƙa a shanya a ƙasa ko kan dutse, ƙura ta hau akuya ta bi ta kai, in hadari ya taso a kwashe da danshinta, a ɗura a buhu a sayar da araha, wani a wata ƙasa ya tace man ya niƙa garin ya ci ribar. Sai ga annobar 2023, ciwon ruɓewa ya shiga gonaki ganye ya yi rawaya saiwa ta narke a ƙasa, mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona suka tashi ba amfani ba iri, iyayenmu mata da ke sana'ar tsaga citta suka zauna ba aiki, yara da dama aka cire su daga makaranta a shekarar. Har yanzu manomi yana sayen iri da tsada gabansa na faɗuwa don bai san ko mai ciwon aka sayar masa ba. Da akwai wurin da za a gwada iri a tabbatar masa lafiyayye ne, a kuma yawaita mai tsafta a ɗakin gwaji a raba, da tuni da yawa sun koma gona. Masu tumatir na Ikara da Kudan ma sun ɗanɗana irin wannan a 2016 lokacin da tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Kuma ba mu manta ba a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari irin su fiya-fiya da aka samu a jiki, abinda gwaji tun daga gida zai iya kamawa kafin kaya su bar ƙasa. Gamu da tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a 2018, ga jirgin ƙasa, amma kayan da ba takardar inganci ko an loda su dawowa za su yi.

Ranka ya daɗe, duk tsarin bincike da ƙirƙira da za a rubuta wa wannan shiyya muna roƙo kar a zauna a ofis a kwafo na wata ƙasa a liƙa mana. Malaman jami'a da ke cikin kwamitinmu sun yi mana bayanin yadda Tarayyar Turai ta yi tun daga 2014, ta ce duk yankin da ke son kuɗin tallafin bincike sai ya fara zama da 'yan kasuwarsa da jami'o'insa da jama'arsa sun tantance 'yan abubuwa kaɗan da suka fi kowa iyawa, sannan a zuba kuɗin a nan maimakon a yayyafa ko'ina. Da muka ji sai muka ce ai wannan abinda iyayenmu suka daɗe suna faɗa ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun riga mun zauna, an yi musu sosai don kowa nasa yake so a sa a gaba, masu fata sun ja masu auduga sun ja, daga ƙarshe muka tsaya kan citta da masara da ƙirar injinan sarrafa su, sai fata da auduga su biyo baya in an samu ƙafa. Ba mu ce kar a koya wa yaranmu kwamfuta da intanet ba, muna so sosai, amma a koya musu su zana injin da Panteka za ta ƙera, su haɗa manhajar da za ta gaya wa manomin Lere farashin buhu kafin dillali ya iso ƙofar gidansa. Kano tana da nata ƙarfin, Sakkwato da Kebbi suna da nasu, kowa a gina shi kan abinda ya iya sai a yi ciniki tsakani.

Kuma in za a kafa kwamitin rubuta tsarin, don Allah a sa mai walda da manomiya a kan teburin, da Hausa ko da yarensu su faɗi abinda ke damunsu a rubuta.

Akwai wasu ƙananan buƙatu da jama'a suka ce lallai mu isar. A faɗaɗa shirin baiwa masu koyon sana'a takardar shaidar ƙwarewa don yaron da ya shekara bakwai a shago ya samu abin nunawa. A sauƙaƙa rajistar mallakar fasaha, talaka baya iya zirga-zirgar Abuja. Hukumomin gwamnati in za su raba wa manoma injina su fara duba na gida kafin su yi odar na waje. Sannan tsaro, don mai bincike baya zuwa gonar gwaji in hanya bata da lafiya, mun ga sauƙi a wasu wurare muna addu'a ya ɗore.

Amma yallaɓai in duk waɗannan sun yi yawa, a bar su a riƙe guda ɗayan. Ba katafaren gini muke nema ba, zaure babba ya isa, a sa injin feƙe ƙarfe da na yanka da na lanƙwasa, na'urar auna danshi da ta gano guba a hatsi, ɗan ɗakin gwajin iri, sola ko layin wuta na musamman, da injiniyoyi ko biyar ne da za su zauna da mu kullum. Mu kuma mun ɗau alkawari a gaban iyayenmu sarakuna, aikin ƙofofi da tagogi da rufi da wayarin namu ne kyauta, gadi namu ne, kowane oga zai bada yara biyu a horar, kuma za mu riƙa biyan kuɗin amfani da injina daidai ƙarfinmu don kar wurin ya mutu bayan an yanke kyalle an watse. Mun ga wuraren da aka buɗe da kiɗa da kakaki bayan shekara biyu aka sa kwaɗo, ba ma son namu ya zama haka shi yasa muke so a damƙa mana amanar tun farko. Muna roƙon a sa shi cikin kasafin kuɗi mai zuwa, saboda dattawan masaƙa da za su koyar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, manoman citta kuma damina bata jiran kowa.

Ga 'yar tsarabarmu, buhun citta daga Kachia, tukunya zubin Panteka, da takalmin fata ɗinkin Zariya, tare da takardar buƙatarmu mai ɗauke da sa hannun shugabannin sana'o'i. In an tashi daga nan muna roƙon minti goma kacal, a biya ta bayan shagon ɗan uwanmu a yaye tamfol ɗin nan ka ga injin da idonka.

Allah ya ƙara girma, ya kare ka daga sharrin masu sharri, ya maida kai da tawagarka gida lafiya. Allah ya zaunar da Kaduna da Najeriya lafiya, amin.

Kwamitin shirya taro, Kaduna