Kilomita 3,400 a sama, fiye da 10,000 a tikiti

Ku kalli taswirar duniya irin wadda aka saba gani, ku duba can sama da kyau. Ta dama, can ƙurya, ga Longyearbyen a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe. Ta hagu kuma ga Utqiagvik, garin da ya fi kowane gari nisa arewa a Amurka, a jihar Alaska. Har zuwa 2016 Barrow ake ce masa. A ido, sai ka rantse sai an ratsa rabin duniya kafin a haɗa su.

Taswirar ce ke yi mana wayo. Irin wannan zane, wanda Gerardus Mercator ya fito da shi a 1569, yana shimfiɗe duniya ne a kan takarda, saboda haka duk abin da ke kusa da ƙarshen arewa sai ya baje, ya yi faɗin da ba shi da shi. Ɗauki lemo, ka sa ɗigo biyu kusa da hancinsa, ka ja zare tsakaninsu. Zaren ba zai zagaya ta gefe ba, ta kan hancin zai bi. Hanya mafi gajarta tsakanin filayen jirgin nan biyu ita ma haka take, tana wucewa dab da tsakiyar arewacin duniya, kuma tsawonta kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin fasinja na zamani zai cinye ta cikin awa huɗu da ɗoriya.

An ma taɓa yin tafiyar. A watan Afrilun 1928, Hubert Wilkins da Carl Ben Eielson suka tashi daga Barrow a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, suka keta sararin tekun ƙanƙara, suka sauka a Svalbard bayan kusan awa 20.

To, yau fa? Babu jirgin haya da ke bin wannan layi, ko ɗaya. Daga Longyearbyen dole ka gangara kudu zuwa Tromso ko Oslo a Norwe, kuma zuwa Oslon kaɗai tafiyar kusan kilomita 2,000 ce. Daga nan ka nemi jirgin da zai tsallaka da kai, wataƙila ta Seattle a Amurka, ka isa Anchorage a kudancin Alaska, sannan ka sake hawa wani ka koma arewa fiye da kilomita 1,100. In aka tara, an haura kilomita 10,000, kuma da wuya ka kai ba tare da kwana a hanya ba.

Ba gazawar jirage ba ce, lissafin kasuwa ne. Mazauna Longyearbyen ba su kai 3,000 ba, na Utqiagvik kuwa kusan 5,000 ne. Wa zai cika kujerun? Ga shi kuma a tsakani babu filin saukar gaggawa na kirki, sai ruwa da ƙanƙara. Kowanne garin, cefanensa da babban asibitinsa da hukumarsa duk a kudu suke, can jiragensa ke dosa.