Nas ɗin karnuka a Amurka: albashin ya kai a ci bashi a kansa?

LADI: Nura, ka kunna ko har yanzu kana gyara waya?

NURA: Tun ɗazu yake ɗauka, Anti.

LADI: To madalla. Jama'a barkanmu da warhaka. Kun dai ga abin da ya faru a guruf tun ranar Asabar, saƙo ya fi ɗari a kan maganar yarinyar nan.

HADIZA: Ni kashe ƙarar wayata na yi, Yaya Ladi.

LADI: Ƙanwar wata mai sauraronmu ce a nan Bronx, cikin birnin New York, ta gama sakandare, ta ce ita aikin jinyar dabbobi take so. Likita shi ne mai shekara takwas, ita na shekara biyu take nema, wanda zai sa ta zama mai ɗibar jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai lura da dabba idan an yi mata allurar barci za a yi tiyata.

NURA: Malamin dabbobi ke nan.

LADI: Kusan haka, sai dai nan ba shanu ba ne, karnuka ne da kyanwoyi. To wata makarantar kuɗi ta kira ta, an yi mata daɗin baki, an ce ta sa hannu kawai, bashi zai biya komai. Uwar ta ce a tambaye mu. Ni kuwa na zauna da biro. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun ce matsakaicin albashin wannan aiki dala 43,740 ne a shekara.

NURA: Kai! Anti, juya shi zuwa naira mana.

LADI: Ka ga irinta ko? Abin da ke kashe mu ke nan. Da naira za ta biya haya a Bronx? Wajen dala 21 ke nan a awa, kafin a cire haraji. Likitan da take tsaye kusa da shi yini guda kuwa kusan dala 119,000 ne nasa a shekara, a alƙaluman 2023.

HADIZA: Wanda bai yi karatun ba fa, mai taimakawa kawai, mai riƙe dabba da wanke keji?

LADI: Shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Wajen dala 36,000 a shekara, a 2023 ɗin. Wato tazarar da takardar ta saya mata ba ta kai dala dubu takwas a shekara ba.

HADIZA: Amma dai kuɗi ne, Yaya. Shekara goma ai ya tara.

LADI: Ya tara idan bashi bai riga shi ba. Mu ce ta ci dala 30,000. Ruwan bashin gwamnati na 2024 kashi 6.53 ne cikin ɗari. A shekara goma, wajen dala 340 duk wata, ta ƙare da biyan kusan 41,000. Kuma gwamnati ma ba za ta ba ta duka ba. Yarinyar da ke ƙarƙashin iyaye, 5,500 ce iyakarta a shekarar farko, 6,500 a ta biyu. Sauran sai banki, su kuma ba ruwansu da ko kin samu aiki.

NURA: Ga kuma maganar riba. Baban yarinyar ai a nan ya tsaya.

LADI: Baban ba riba ce ta fara damunsa ba, kare ne.

NURA: Ai ni ma shi ne tambayata! Ta yini tana rungumar kare, ta zo ta tayar da sallah?

HADIZA: Nura, kai ba Bamalike ba ne? A Malikiyya ai kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Kwanon da ya sha ne ake wankewa sau bakwai.

NURA: Je ki faɗa wa Inna haka. Kare ya shinshini zanenta sau ɗaya a Zariya, har yau ba ta sake ɗaura shi ba.

LADI: Karnukan nan fa ba irin na Innarka ba ne. Maƙwabciyata nata rigar sanyi gare shi.

NURA: Da takalmi!

LADI: Da takalmi huɗu. Inshorar lafiya gare shi, Nura. Kai kana da ita?

NURA: Anti, a bar tone-tone.

HADIZA: An taɓa gayyata ta bikin zagayowar ranar haihuwar kare, wallahi har da kek.

NURA: Kin ci?

HADIZA: Na ce azumi nake.

NURA: Ranar Laraba?

LADI: Ramuwa take yi, ka ƙyale ta. Ina muka tsaya ma?

HADIZA: Bashi.

LADI: Yawwa. Ni ban ce kar ta yi ba. Aikin akwai shi, asibitocin dabbobi kullum neman ma'aikata suke, don mutane ba sa daɗewa, ga gajiyar baya, ga cizo, ga kallon dabbar da za a kashe mai ita na kuka. Abin da na ce, ƙofar da za ta shiga ita ce magana. Kwalejin al'umma, matsakaicin kuɗinta wajen dala 4,000 ne a shekara. Ga kwalejin LaGuardia nan a unguwar Queens, suna da kwas ɗin. Idan gidansu masu ƙaramin ƙarfi ne ta cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu, tallafin gwamnati na Pell yana kai dala 7,395, kuma kyauta ne, ba a biya. Jarrabawar da za ta zauna a ƙarshe, VTNE, iri ɗaya ce da ta ɗan makarantar tsada. Mai asibiti lasisi yake tambaya. Kawai ta tabbatar ƙungiyar likitocin dabbobi, AVMA, ta amince da makarantar, in ba haka ba a yawancin jihohi ko zauren jarrabawar ba za ta shiga ba.

HADIZA: Sai dai gurbi kaɗan ne, ana iya jira.

LADI: Ta jira. Ta kama aikin wanke keji kafin nan, ta ga ko hancinta zai iya.

NURA: Masu rubuto mana daga gida fa, da ke cewa za su zo da bizar ɗalibi?

LADI: Su ba Pell, ba bashin gwamnati. Wanda ke son dabbobi ga kwalejin Vom can a Filato, ga bashin karatu na gwamnatin Najeriya, NELFUND, da ba ruwa a kansa.

HADIZA: Yaya, mun ce za mu rufe da abubuwa uku da uwar za ta tambayi makarantar.

LADI: Na ɗaya, nawa ne cikin ɗalibansu ke cin jarrabawar a zaman farko. Na biyu...

NURA: Anti, batir saura kashi biyu.

LADI: Ba ka sa caji ba? Hadiza, tura sauran a guruf. Wai ma kek ɗin nan, na mutane ne ko na karen?