Rumbun kakanninmu da siton kwano

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa kan masarar da aka ajiye a siton kwano ta yi fumfuna. Malam Bala, bismillah.

Malam Bala: Ai abin ya tsaya mini a rai, Hadiza. Mutum ya sha rana da ruwa wata huɗu, sannan ya jibge buhuna a kan daɓen siminti, ƙarƙashin kwano, ba ko taga. Da rana kwano ya ɗau zafi, da dare ya huce, ɗaki ya yi gumi. Buhun ƙasa shi ke fara ruɓewa. Ku dubi rumbu kuwa. Ba a taɓa dasa shi a ƙasa, a kan duwatsu ake ɗora shi, iska na ratsawa ta ƙarƙashi, danshi ba ya hawa, gara kuma sai an ga hanyarta kafin ta kai. Rumbun kara da zana iska ke bi ta jikinsa, na laka kuma kaurinsa ke tare zafi. Ga jinka a sama kamar malafa.

Sani: Na ga manya-manyansu a ƙasar Adar, wajen Tawa a Nijar, wani ya fi ɗaki girma.

Malam Bala: Ƙwarai. Kuma gero da zangarniyarsa ake zubawa, dami-dami, ba a sussuke ba. Iska na yawo tsakanin zangarnu, hunturu ya ƙarasa busar da shi. Shi ya sa yake shekara biyu, uku, a yi fura ba wari.

Sani: Malam, kun tuna mini. Ni ake zurawa ta bakin rumbu ina yaro, saboda ni ne ƙarami.

Hadiza: Kai Yaya Sani, ƙaiƙayin fa?

Sani: Har cikin wuya! Amma sanyin cikin nan, ana tsakiyar bazara, har yau ina jin sa. Ina miƙo dami, kaka tana ƙasa tana ƙirgawa.

Hadiza: Mu kuma kajinmu a ƙarƙashinsa suke ƙwai. Kullum da safe sai na rarrafa na leƙa.

Sani: Zabi ma haka, ran nan...

Malam Bala: To kajin nan ma aiki suke, su ke tsince gara da ƙwari. Amma bari in zo kan wake, don shi rumbu ba ya iya masa sosai. Da toka ko yashi ake cakuɗa shi. Yanzu wasu maganin ƙwari na fiya-fiya suke zubawa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da waken Najeriya a 2015 ke nan. Guba a cikin abincin da 'ya'yanmu za su ci! Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, shi kuma akasin rumbu ne, toshe iska yake har ƙwaro ya mutu. Sharaɗinsa hatsi ya bushe ƙayau, ka ciza ka ji ƙas.

Hadiza: Malam, lokaci fa. Mun ce za mu faɗi yadda mai sito zai gyara nasa.

Malam Bala: Ya sa katako a ƙasa, ya janye buhu daga bango, ya huda taga sama.

Hadiza: Sauran sai mako mai zuwa. Mai rumbu a gida ya turo mana hotonsa.