Wa zai mallaki abin da muke kallo nan gaba?

Alƙaluman watan Mayun 2025 da kamfanin Nielsen, mai auna yawan masu kallon talabijin, ya fitar sun tayar wa gidajen talabijin na Amurka hankali. A karon farko, kallon shirye-shirye ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na duk lokacin da jama'a ke ɗauka a gaban talabijin, ya zarce tashoshin eriya da na kebul ko da an haɗa su wuri ɗaya.

To, me ya sa wannan adadi yake da nauyi haka? Sai mun duba inda kuɗin tasha ke fitowa. Hanya biyu ce: talla, da kuɗin wata da masu kallo ke biya. Kasuwar talla ta karkata zuwa Google da Meta (mai Facebook), domin su sun san wanda ke kallo da abin da yake nema ya saya. Kuɗin wata kuwa, a da mutum kan biya tashoshi ɗari a dunƙule ko da biyar kawai yake kallo. Yanzu ya gane zai iya zaɓar abin da yake so, ya bar saura.

Daga nan ne manyan kamfanoni suka shiga haɗiye juna. A 2019 Disney ta sayi mafi yawan kadarorin Fox a kan dala biliyan 71. A 2022 Amazon ta sayi kamfanin fina-finai na MGM. A Indiya, Reliance da Disney sun haɗe harkokinsu a 2024. A 2025 kuma Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice, mai DStv. Idan kuka ga irin wannan ciniki, kada ku ɗauka alamar ƙarfi ce kawai. Sau da yawa tsoro ne. Netflix na da masu biya sama da miliyan 300, saboda haka fim ɗaya da ya kashe wa kuɗi, duniya ce ke biya masa. Tashar da ke ƙasa ɗaya ba ta da wannan gatan.

Kuma haɗewar ba kullum take yin magani ba. Kamfanin sadarwa na Amurka AT&T ya sayi kamfanin talabijin da fina-finai na Time Warner a 2018 kan dala biliyan 85, bayan shekara huɗu ya sallama shi, aka haɗa shi da kamfanin talabijin na Discovery, da bashi jingim a wuya.

Abin da ya rage yana tara jama'a a lokaci guda shi ne wasanni kai tsaye, shi ya sa farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Yarjejeniyar nuna gasar ƙwallon kwando ta NBA da aka ƙulla a 2024 ta kai kusan dala biliyan 76 na shekara 11, kuma Amazon na cikin masu sayen.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne labarai. Bayan Amurka ta sassauta dokar mallakar gidajen rediyo da talabijin a 1996, kamfanin Clear Channel shi kaɗai ya tara gidajen rediyo fiye da 1,200. A 2018 an ga bidiyon masu karanta labarai na tashoshin kamfanin Sinclair na Amurka da dama suna maimaita jawabi ɗaya, kalma da kalma. Duk lokacin da aka haɗe kamfani biyu, ɗakin labarai na cikin wuraren da ake fara rage ma'aikata, alhali wakilin da ke bin diddigin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba manhajar da za ta maye gurbinsa.

Fasahar ma tana sauyawa. Norway ta kashe tashoshin FM na ƙasa tun 2017, BBC kuma ta fara maganar ranar da komai nata zai koma intanet. Eriya dai kyauta take shiga gidan talaka, intanet kuwa sai da data.

Saboda haka ku sa ido kan hukumomin da ke ba da lasisi, domin a hannunsu sharuɗɗan suke. Dokar Afirka ta Kudu ta hana baƙi riƙe fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasisin watsa shirye-shirye. Wannan ne ya tilasta ware sashen lasisin MultiChoice ya zama kamfani mai zaman kansa, mai rinjayen 'yan ƙasa, kafin cinikin Canal+ ya tabbata.