Darasi: Yadda kwamfuta ke bin sawun ƙurar karta

Assalamu alaikum 'yan'uwa, na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, da ku da ke can wajen dahab, wato wurin haƙar zinariya, kuna kallon mu a waya. Yau maganar karta za mu yi. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Abidiyya kusa da Barbar ya san ta: dutsen zinariya da aka niƙa a tahuna, wato injin niƙa, aka wanke da zaiba, aka cire abin da za a iya cirewa, sauran aka tara tsibi-tsibi. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, jama'a suka rungumi haƙar zinariya, tsibin nan kullum ƙaruwa yake.

Idan karta ta bushe, gari ce. Iska ta zo ta kwasa, da ragowar zaibar da ke cikinta, wani wurin har da dalma ko arsenik, gwargwadon irin dutsen. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400. To tambayar ita ce, wannan ƙurar ina take sauka?

Ku dubi allon nan. Wannan manhaja sunanta AERMOD, hukumar kare muhalli ta Amurka ce ke ba da ita kyauta, tana lissafi har zuwa nisan kilomita 50. Ba ta san Sudan ba, sai abin da ka faɗa mata. Ka ba ta wurin da tsibin yake, tsawonsa da faɗinsa, da yanayin ƙasar da ke kewaye. Sannan ka tankaɗe kartar ka ga laushinta. Wadda ta fi damun mu ita ce PM10, ƙwayar da ba ta wuce maikiromita 10 ba. Silin gashin kanka ya ninka ta kauri sau biyar ko fiye. Ita ce ke wuce hanci ta gangara ƙirji.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, wato iska. Ƙura ba ta tashi haka kawai. Sai iska ta kai wani ƙarfi, manyan ƙwayoyin yashi su fara tsalle a kan tsibin kamar fara, duk inda suka dira su bugi lallausan garin ya tashi sama. Kuma da an wuce wannan mizanin, abin ba a hankali yake ƙaruwa ba. In gudun iska ya ninka biyu, yashin da ke motsi kan ninka wajen sau takwas. Kun ga ke nan wanda ya ɗauki matsakaicin iskar shekara ya zuba wa kwamfuta, ya yaudari kansa. Za ta ce masa lafiya lau. Alhali habub ɗaya ta yammaci, wato guguwar ƙura irin wadda ke rufe rana kafin ruwan kharif (damina), tana iya kwashe abin da makonni na iska mai laushi ba su kwasa ba. Shi ya sa manhajar take neman bayanin iska na kowace awa, na shekara biyar in daga tashar yanayi ne, ko na shekara guda cur in a wurin aka auna. Wallahi nan ne wahalarmu take, don tashoshin sun yi nisa da ramukan.

To, na danna. Kun ga wannan jan harshen da ya miƙe kudu? A arewacin Sudan iskar arewa ce ke mulki mafi yawan shekara, saboda haka rumfunan kwana da masu shayi da gonakin bakin Nilu da ke kudu da tsibin su ke shan ƙurar. Ja shi ne inda ta fi kauri, rawaya ta ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa mizanin PM10 na yini ɗaya a kan maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska, da shi za ka gwada.

Amma kada hoton ya ruɗe ku don ya yi kyau. Kwamfuta ba ta san jiya loda, motar kwasar ƙasa, ya fasa ɓawon da ya daskare a saman tsibin ba, ko motoci sun yini suna tattaka hanya. Dole ka kafa faranti ko na'urar auna ƙura a wurare biyu ko uku, ka kai dakin gwaji, ka ga ko lissafin ya yi daidai da ƙasa.

Abin da na fi so a aikin shi ne gwaji kafin kashe kuɗi. Bari in rage ƙurar kamar an yayyafa wa tsibin ruwa ko an rufe shi da tsakuwa. Kun gani? Harshen ya tsuke. Yanzu in mayar da rumfunan arewa da tsibin, sun fita daga ja ba tare da an sayi komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe wata manhajar, HYSPLIT, wadda ke bin iska ɗaruruwan kilomita. Kowa ya zo da lambobin wurinsa daga taswirar waya.