Jemage, Jariri da Ƙaguwa: Wa Ke Jin Zafi?

Assalamu alaikum, masu kallonmu.

Ku dubi wannan jemagen da ke rataye kai ƙasa. Da magariba ta yi zai fita farauta, yana sakin wata siririyar ƙara wadda kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Ƙarar ta bugi bango ko ƙwaro ta dawo masa, da wannan amsa-kuwwar yake gane inda komai yake. Masana kimiyya sun auna wannan duka, sun rubuta.

A shekarar 1974 wani masanin falsafa Ba'amurke, Thomas Nagel, ya ce da sauran magana. Ko da ka haddace kowace jijiya da ke kan jemage, ba ka san yadda shi jemagen yake jin zamansa jemage ba. In ka rufe ido ka ɗauka an rataye ka a reshe, ai kai ne dai, ka ari rigar jemage kawai.

A 1995 wani masanin falsafa, David Chalmers, mutumin Ostareliya, ya kira wannan tambaya "matsala mai wuya". Gano yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe ja da kore aiki ne da bincike zai iya ƙarasawa. Amma me ya sa aikin yake zuwa tare da ji? Me ya sa goro yake da ɗaci a bakinka, barkono yake da yaji, alhali na'ura za ta iya tantance sinadaransu ba tare da ta ɗanɗani komai ba? A 1998 wani masanin ƙwaƙwalwa, Christof Koch, ya ci alwashi a gaban Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano alamar wannan ji a cikin ƙwaƙwalwa. A 2023, a birnin New York, ya fito gaban jama'a ya amsa cewa alwashinsa bai cika ba.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: wannan zancen waɗanda suka ƙoshi ne. Kuma sukar tana da tushe, domin daga cikin gidan ma ana yin ta. Falsafar jami'a a Amurka da Ingila ta zama sana'ar rubuta maƙaloli a mujallun da sai an biya kuɗi mai yawa ake buɗewa, cikin harshen da 'yan gida kaɗai ke ganewa. Matashin malami yana neman a tabbatar da shi a aiki, don haka sai ya nemi ɗan ƙaramin kuskure a maganar wani ya gina maƙala a kai. Ɗalibi kuma yana iya gama digiri bai taɓa karanta Ibn Sina ba, wanda kusan shekara dubu da suka wuce ya kawo misalin mutumin da aka halitta yana shawagi a iska, ba gani, ba ji, ba taɓawa, ya ce duk da haka zai san cewa yana nan.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta Eric Schwitzgebel na Jami'ar Kalifoniya a Riverside. Shi da Joshua Rust sun bi diddigin malaman da ke koyar da falsafar ɗa'a, su ga ko halinsu ya fi na sauran malamai. Sun duba jefa ƙuri'a, da amsa saƙon ɗalibai, da yawan kiran mahaifiya a waya. Ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2009 ma Schwitzgebel ya gano cewa littattafan ɗa'a sun fi sauran littattafan falsafa ɓacewa daga ɗakunan karatu na jami'o'i. Mutum ya shekara talatin yana nazarin kirki, karatun bai sauka cikin halinsa ba. Wannan abin tsoro ne ga duk mai neman ilimi.

To, sai mu watsar da tambayar jemage? A'a. Ku saurari abin da ya faru lokacin da aka amsa irinta ba daidai ba.

Har tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin Amurka da Turai, an yi wa jarirai da yawa tiyata da maganin da ke hana su motsi kawai, ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba. Likitoci da dama sun ɗauka jijiyoyin jariri ba su nuna ba, kukansa motsin jiki ne kurum, kuma suna tsoron maganin barci ya kashe shi. Jariri ba shi da bakin da zai ce "ina jin zafi", kamar dai jemage. Sai a 1987, bayan binciken likita Kanwaljeet Anand da abokan aikinsa da kuma ƙorafin iyaye, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ta ce wannan bai dace ba.

Yanzu ga ƙaguwa. A gidajen abinci da yawa, da ranta ake jefa ta cikin tafasasshen ruwa. Gwamnatin Birtaniya ta nemi wani masanin falsafa, Jonathan Birch na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, ya duba lamarin. Bai tsaya jiran a warware matsala mai wuya ba. Shi da tawagarsa sun tsara alamomi takwas: shin dabbar tana kula da rauninta, tana koyon guje wa inda ta sha wuya, tana sauya hali in an ba ta maganin zafi? Suka bi bincike sama da 300, suka miƙa rahoto a 2021. A 2022 majalisar dokokin ƙasar ta saka ƙaguwa da danginta, da oktofas mai hannaye takwas, cikin dokar dabbobin da ake lasafta suna ji.